Mai Ƙirga Balbela Da Carbi

Duk wanda ya zauna a unguwar Manfuha ta birnin Riyad cikin shekarun nan ya san Lado Haruna, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan da ke zuwa kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, cikin farar mota wadda ba tasa ba, ya ajiye ta nesa da masu kekuna, ya zagaya ta sau biyu kamar mai taya saniya a kasuwa, sannan ya hau bene wajen abokinsa Dawuda cin tuwo. Bahaɗeje ne, daga wani ƙauye a bakin fadama inda ruwa ya fi ƙasa yawa. Shekararsa ashirin da uku a Riyad, kuma duk a hannun kafili ɗaya, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa, ya yi su, abin da mutanen Manfuha suka kasa yanke wa hukunci, ko waliyyantaka ce ko rashin dabara. Dawuda, Bakatsinen Maraɗi mai aikin fenti, wanda ya sauya kafili sau huɗu, yana kan ra'ayi na biyu, kuma yakan faɗa tun kafin Lado ya wanke hannu.

Kafilin wani dattijo ne a unguwar Shifa, Abu Uwais, malamin makaranta da ya yi ritaya. A kan iƙamar Lado, katin nan da ke ba baƙo izinin zama, abu ɗaya aka rubuta: direban gida. Ba a rubuta cewa shi ke gyara famfo ba, ko cewa shi ke feɗe ragon layya, ko cewa shi ya goya Uwais ɗin kansa, ɗan dattijon, zuwa asibiti ranar da ya karye a ƙwallo. Direba kawai. Muddin makullin motar yana aljihunsa na dama, yana da ɗakinsa na bakin ƙofa, yana da Riyad, kuma can gida matarsa Ruƙayyatu tana da abin ɗorawa a wuta. Ranar da makullin ya bar aljihun, sauran za su bi shi a jere ba tare da an kira su ba.

Abu Uwais mutumin kirki ne, amma yana da ciwo guda, ciwon tsuntsaye. Ba kiwonsu yake yi ba, ba kuma harbinsu ba, da dai ɗaya daga cikin biyun ne da an fahimce shi. Ƙirga su yake yi. Kowane watan Janairu, lokacin da sanyin Riyad ke sa ƙato ya tsaya gaban famfo yana shawara da zuciyarsa kafin alwala, wasu 'yan sa-kai sukan raba birnin tsakaninsu: wannan lambu naka, wancan tafki nawa. Likitoci ne da malamai da wasu Turawa masu jan hanci. Safiya ɗaya, kowa ya tsaya a rabonsa, ya ƙirga abin da ya gani, a rubuta, a tattara. Ba mai biyan kowa. Rabon Abu Uwais shi ne wani lanƙwasa na Wadi Hanifa, kwarin da ya ratsa kudancin birnin, daga wata tsohuwar gada zuwa katangar wata gonar dabino. Ruwa na kwance a wajen, doguwar ciyawar kacala ta cika bakinsa, irin wadda ta cinye rabin fadamar su Lado, kuma a cikinta balbelu ke kwana.

Da Lado ya fara ba da labarin a Manfuha, sai da Dawuda ya ajiye cokali. Ya ce shi ke nan, Larabawa sun ƙoshi har sun fara ƙirga abin da ba za su ci ba.

Shekarun farko aikin Lado shi ne kaiwa da jira. Yakan zauna a mota da fulas ɗin gahawa a cinya, yana kallon dattawa huɗu cikin rigunan sanyi suna leƙe ta darbil, wato madubin hangen nesa. Matsalarsu balbelun ne. Sauran tsuntsaye suna da ladabi: zalɓe zai tsaya da ƙafa ɗaya har ka ƙirga shi sau uku, kazar ruwa za ta wuce a hankali kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Balbela kuwa cikin kacala ba ta ganuwa. Sai rana ta ɗan leƙo, su tashi gaba ɗaya, su baje sararin daga gada har katanga, kafin ka ce bismilla sun watse. Wanda bai kwashe su a kallo ɗaya ba sai baɗi.

Wata shekara gardama ta kaure. Wani ya ce ɗari biyu, wani ya ce ɗari biyar, Abu Uwais ya tsaya a tsakiya yana lasar alƙalami. Lado ya sauke gilashi, ya ce da Larabcinsa na titi:

"Baba, ɗari uku da saba'in ne."

Suka yi dariyar da ake yi wa direba. Amma ɗaya daga cikinsu ya ɗauki hoto, kuma da suka koma gida ya buɗe shi a kwamfuta ya yini yana ɗiga wa kowace tsuntsuwa jan ɗigo. Ɗari uku da sittin da takwas. Da Abu Uwais ya kawo maganar bakin ƙofa yana tambayar ina biyun, Lado ya ce mai yiwuwa suna bayan mai hoton.

Ba sihiri ba ne, yunwa ce ta koya masa. A ƙauyensu, in shinkafa ta fara nuna, akan ɗora yaro a kan rumfa a tsakiyar gona, da igiya mai gwangwanaye a hannunsa, yana tsaron jan-baki, tsuntsayen nan da ke sauka kamar hadari su tashi su bar kara. Uban Lado yakan ɗaga murya daga nesa ya tambaya nawa ne. In kaɗan ne, gwangwani ya isa. In da yawa ne, sai a kira gari. Yaron da ya tara gari a kan tsuntsu kaɗan zai sha bulala, wanda ya yi shiru a kan mai yawa gidansu zai sha kunun kanwa har damina. Tsakanin bulala da kunun nan idon Lado ya koyi awo. Yakan yanki goma da ido, ya riƙe girmansu, ya yi ta kifa su a kan sauran kamar mai awon gero da mudu. Da ya girma sai ya haɗa da carbi: kowane goma, ƙwaya ɗaya. Turawan suka ɗauka addu'a yake yi wa tsuntsayen, har wata ta cire hularta don girmamawa.

Daga shekarar aka fito da shi daga mota. Abu Uwais ya karanta masa dokokin aikin kamar mai ɗaura aure: kada ka wuce iyakarka, kada ka ƙirga tsuntsu sau biyu, abin da ba ka tabbata ba kada a rubuta shi. A takardar akwai gurbin sunan mai ƙirga, kuma a layin balbela dattijon ya rubuta Lado Haruna da kyakkyawan rubutunsa na malamai. Lado ya ɗauki hoton layin ya aika wa 'yarsa Mansura. Ya ce mata ta duba, an rubuta sunan ubanta a ƙasar Larabawa a wajen da ba 'yan sanda suka nema ba.

Shekara shida lissafin yana wasa tsakanin ɗari uku da tamanin da ɗari huɗu da ashirin. Aka daina ɗaukar hoto, don ɓata lokaci ne. Sauran dattawan suka watse, wani ƙafa ta hana shi, wani ya koma Jidda wajen 'ya'yansa, aka bar su biyu: Abu Uwais da alƙalami, Lado da carbi. Su sha gahawa da dabino a bayan mota, dattijon ya ba shi labarin ƙasashen da tsuntsaye ke ratsawa ba fasfo ba kafili, Lado ya ce shi ya sa ba su da ɗakin bakin ƙofa.

A shekara ta bakwai carbin ya tsaya a ɗari uku da talatin. Abu Uwais ya ce shekara ce, kowace da halinta. A ta takwas, ɗari biyu da casa'in. A ta tara, ɗari biyu da arba'in. Ranar dattijon bai taɓa dabino ba. Ya tsaya yana kallon katangar gonar da ke ƙarshen rabonsa, inda maigonar ya sa sabon injin jan ruwa, ya kuma share kacala kaɗan ya gina ɗakin hutawa. Mutumin abokinsa ne tun suna samari, tare suka fara koyarwa. Abu Uwais ya je ya yi masa magana, magana ta zama musu, musu ya zama gaba, har ya kai in sun haɗu a jana'iza kowa sai ya nemi wani sahu. Dattijon ya zauna ya rubuta doguwar takardar ƙorafi ga hukuma, da lambobin Lado a jere kamar matakalar da ke gangarawa. Ya ce shekara ɗaya kawai zai ƙara jira. In Janairu mai zuwa ta sake sauka, zai kai takardar da hannunsa.

Lado ma ya ji zafin abin. Yakan ce wa Dawuda ba irin balbelun da ba ne, yanzu sun koma dunƙulewa a tsakiya, gefe-gefen sararin duk wayam.

Cikin wannan shekarar ce ƙofar gidan ta fara matsewa. Sau biyu ya goge madubin mota a jikinta, ƙofar da ya shekara ashirin yana shiga ko da barci a idonsa. Ya zagi maƙerin da ya yi ta. Wani mai babur ya fito masa daga hagu kamar an jefo shi daga sama, ya zagi mai babur. Ya yi karo da bokitin fenti a ɗakin Dawuda, ya zagi Katsinawa gaba ɗaya da rashin iya ajiye kaya. Dawuda ya dube shi ya ce bokitin nan tun azumi yake wajen, kuma tun wata uku ya lura Bahaɗejen nan in zai kalli mutum sai ya juyo da kai duka kamar mujiya. Ya ja shi wani ƙaramin asibiti a bayan kasuwa, yana mita cewa ya rasa aikin yini saboda mutumin da ko godiya bai iya ba.

Likitan Basudane ne, mai magana a hankali. Ya sa Lado ya kifa fuska a wata na'ura, ya ba shi maɓalli, ya ce duk lokacin da ya ga ɗigon haske ya danna. Lado ya danna, ya danna, sannan ya zauna yana jira, yana tunanin na'urar ta lalace. Ba ta lalace ba. Likitan ya ce hawan jinin ido ne, ciwon da ba ya zafi, ba ya ja, sai dai ya riƙa cin gani daga gefe yana matsowa tsakiya, kamar yadda ɓera ke cin tabarma. Abin da ya tafi ya tafi. Abin da ya rage ana iya riƙe shi da maganin ɗigawa. Tuƙi kuwa, ya girgiza kai. Lado ya tambaye shi tun yaushe abin ya fara. Ya ce aƙalla shekara uku ko huɗu.

A matakalar asibitin Lado ya tsaya, hannunsa ya shiga aljihu ya fito da carbi. Ɗari uku da talatin. Ɗari biyu da casa'in. Ɗari biyu da arba'in. Ya zauna a kan matakalar, mutane suna raɓa shi.

Watan Nuwamba ne. Bai gaya wa kowa a gidan Shifa ba. Ya ɓoye kwalbar maganin cikin takalmin Sallarsa. Kowace safiya ya ɗauki jikokin Abu Uwais biyu ya kai su makaranta, babbar da ƙaramar, Muhibba, 'yar shekara bakwai wadda ba ta san tafiya ba sai gudu, kuma kullum ta gaban mota take zagayawa. Ya riƙa tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti, yana juya kai hagu da dama har wuyansa ya yi tsami. Uwar yaran ta yaba masa, ta ce da duk direbobi haka suke. Ya ce na gode, Mama, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa.

Juma'ar ƙarshe kafin ƙirga, Dawuda ya kawo shawara, kuma a gaskiya shawara ce mai kyan fuska.

"Kai Bahaɗeje, kifi ya toshe maka kai. Wa ya ce ka faɗi abin da ka gani? Ka ce ɗari huɗu. Tsuntsaye sun dawo, tsoho ya yi murna, ya yaga takardarsa, ya je ya rungumi abokinsa, makulli yana aljihunka. Wa aka cuta?"

Lado ya ce doka ta ce abin da ba ka tabbata ba kada a rubuta.

"Dokar wa? Balbela ce za ta kai ka kotu? Kuma ai ba ƙarya ba ce, kai da kanka ka ce suna nan. Shekara biyu kawai ka ƙara, Mansura ta gama makarantar jinya, sai ka koma ka makance a gaban matarka cikin mutunci."

Lado ya yi dariya, don maganar ta cancanci dariya. Ya ce Bakatsine ko liman ne sai ka ƙirga raka'a da kanka. Amma ya ɗauki shawarar. Da zai tafi ya lissafa ƙwaya arba'in a carbinsa, ya ɗaura ɗan zare a wajen, don kada yatsansa ya yi gardama ranar.

Ranar Asabar suka yi sallar asuba a masallacin unguwa suka kama hanya. Sanyi ya kai inda numfashi ke fita kamar hayaƙi. Lado ya bi bayan wata babbar mota tun daga Shifa har mararrabar kwarin, ya ce wa dattijon hanya ce ba ta son gaggawa. Suka ajiye mota a gindin gada, suka taka zuwa tudun da suka saba tsayawa. Abu Uwais ya lulluɓe cikin farwarsa, rigar nan mai gashin tunkiya, ya buɗe takarda, ya fara da ƙananan baƙi: kazar ruwa goma sha ɗaya, agwagwar ruwa shida, tsirya biyu da suka wuce suna faɗa. Takardar ƙorafin tana aljihun ƙirjinsa, bakinta ya leƙo. Lado ya tsaya yana fuskantar kacala, babban yatsansa a kan zaren.

Sai dattijon ya taɓa hannunsa, ya rage murya.

"Ya Lado, kana ganin marar kunyar nan? Tun ɗazu yake tsaye kusa da kai, ka yi kamar ba ka san shi ba."

Lado ya juya kai. Sai da ya juya sosai kafin ya same shi. Zalɓe ne, toka-toka, a hagunsa, bai fi taku goma ba, a fili, ba ciyawa ba komai tsakaninsu. Ya daɗe a wajen, don ruwan da ke kewaye da ƙafarsa ya kwanta.

"Dubi tsayinsa," in ji Abu Uwais yana murmushi, yana rubuta zalɓe ɗaya. "Daidai Muhibba."

Lado ya mayar da kansa gaba a hankali, yana so ya ga a ina tsuntsun zai ɓace. Bai yi nisa ba. Ɗan juyi kaɗan, zalɓen ya fita daga duniya, babu inuwa, babu alama, kamar ba a taɓa halittarsa ba. Ya sake juyowa, ga shi nan. Ya mayar, babu. Daga nan zuwa wajen tsuntsun bai kai faɗin ƙofar makaranta ba.

Rana ta leƙo ta bayan gada. Kacala ta yi motsi, sannan suka tashi.

Ya ji su kafin ya gan su, kuma ya ji fiye da abin da ya gani. Ƙarar fukafukai ta taso daga gada, ta taso daga katanga, ta wuce ta saman kansa ta dama da ta hagu, sararin duka ya cika da ita kamar ana kaɗe zannuwa ɗari. Abin da idonsa ya ba shi kuwa ɗan da'ira ne a tsakiya, kamar mai leƙen sama daga cikin rijiya, farare suna shiga suna fita. Shekara uku yana awon bakin rijiyar nan yana cewa ya auna sama. Yatsansa bai motsa ba. Ƙarar ta yi nisa, ta mutu.

"Kam?" in ji Abu Uwais, wato nawa, alƙalami a kan layi, idonsa a kan takarda.

Zaren yana nan a ƙarƙashin yatsa. Ɗari huɗu, kalma biyu, ko a Larabci ba su da wuyar faɗa. Lado ya mayar da carbin aljihun hagu. Ya sa hannu a na dama, ya fito da makullin mota, ya ɗora shi a kan takardar, daidai gurbin da aka bari don lamba.

"Baba, ban sani ba. Tsuntsayenka suna nan, ba inda suka je. Ni ne na ragu."

Ya faɗi sauran a tsaye, da Larabcin da bai taɓa isar sa ba sai ranar: likita, na'ura, ƙofar gida, shekaru ukun. Abu Uwais ya saurara bai ɗago ba. Da ya ɗago, ba maganar tsuntsu ya yi ba. Ya tambaya tun yaushe ya sani. Lado ya ce wata biyu.

"Wata biyu," in ji dattijon. "Kana ɗaukar jikokina."

Lado ya ce e.

Sun daɗe a tudun. Zalɓen ya gaji da su ya tashi. Daga baya Abu Uwais ya zaro littafinsa na shekaru, ya buɗe, ya ja layi a kan ɗari uku da talatin, ya ja a kan ɗari biyu da casa'in, ya ja a kan ɗari biyu da arba'in, kowanne da sunan da ke gefensa. A hankali ya ja su, da kyau, irin jan malamin da ba ya son ɓata shafi. A gurbin bana ya rubuta: ba a ƙirga ba.

Dattijon ne ya tuƙa su gida. Rabonsa da sitiyari shekara goma sha biyar, motar ta yi ta tsalle kamar akuya a igiya, Lado a kujerar gefe yana taka birkin da babu shi. A ƙofar gonar dabino dattijon ya tsaya, ya fita, ya bar injin a kunne. Lado ya ga bayansa yana ƙwanƙwasa ƙofa, ya ga an buɗe. Abin da ya biyo baya ya faru a gefe, kuma bai juya kai ba.

Ba a wulaƙanta shi ba, kada wani ya ce an yi. Bayan kwana uku Abu Uwais ya sa Uwais ya kai shi babban asibiti, aka sake kifa fuskarsa a na'ura mafi tsada, ta faɗi abin da ƙaramar ta faɗa. Aka yi maganar ko za a bar shi a matsayin mai gadi. Amma gidan yana bukatar direba, ɗakin bakin ƙofa guda ne, kuma mai gadin da ba ya ganin gefe ko shi Lado sai da ya yi dariya. Aka buga masa huruj niha'i, fitar da ba dawowa. Uwar yaran ba ta ƙara yi masa magana ba har ya tafi, bai kuma ga laifinta ba. Muhibba ta ba shi zanen tsuntsu mai ƙafa huɗu.

Dawuda ne ya raka shi filin jirgi. Tun daga Manfuha yake zaginsa: mutumin da aka ba hanya a shimfiɗe ya zaɓi rami, mutumin da ya sayar da Riyad a kan balbela, tsuntsun da ko da yunwa ba a miya da shi. Ya riƙe masa jaka, ya riƙe masa gwiwar hannu ta hagu a wajen matakala ba tare da ya ce ya riƙe ba. A bakin shiga ya ce fenti ne ya shiga idonsa tun jiya, ya juya ya tafi ba sallama.

Yanzu Lado yana ƙauyensu. Mansura ta dakata da karatu, ta ce na shekara ɗaya ne, kowa ya yi kamar ya yarda. Ita ke ɗiga masa magani safe da yamma. Da'irar ta ƙara matsewa kaɗan, amma har yanzu in Ruƙayyatu ta zauna daidai gabansa yana ganin fuskarta duka, abin da ta ce ya fi yadda ya gan ta a shekara ashirin da uku. Balbelu kuwa ga su nan bayan kowace saniya, ba wanda ya taɓa tambayar yawansu.

Janairun da ya wuce saƙon murya ya shigo wayar Mansura daga Riyad. Da farko ba magana, sai iska. Sannan ƙarar nan ta taso, ta cika 'yar wayar har tana rawa. Bayan ta lafa sai muryar dattijon, ta ƙara tsufa: ya ce bana mutum uku ya kawo, da mai hoto, da abokinsa na gonar dabino, kuma tun safe suke musu. Sannan ya ce, "Kam, ya Lado?"

Lado ya sa aka maimaita masa sau huɗu. A na huɗun ya fito da carbi, yatsansa ya yi tafiya kaɗan, ya tsaya tun kafin ya kai zaren, wanda har yau bai kwance ba. Mansura ta tambaya me za ta ce masa.

Ya ce ta gaishe shi, ta tambayi lafiyar yaran. Ta ce masa kunne ba mudu ba ne, kada ya rubuta komai da sunansa. Sannan ta tambaye shi, in ba damuwa, ko shekaru shidan farko suna nan a littafin yadda suke.

Ta aika. Ya zauna yana fuskantar fadama, hannunsa na dama a cikin aljihu, yana jiran amsa.